TAKARDAR SALLAMA: TARIHIN YADDA LIKITOCIN UNGUWA A INGILA SUKA SABA DA RUBUTA ANTIBAYOTIK



Yau tarihi zai kai mu ƙasar Ingila, cikin ƙananan asibitocin unguwa, irin waɗanda a wajenmu ake kira sha-ka-tafi. A tsarin ƙasar, duk wanda jikinsa ya motsa, in dai ba hatsari ya yi ba, likitan unguwarsu zai fara gani. Shi ke duba jariri, shi ke duba tsohuwa, daga mura har hawan jini, sai abin ya fi ƙarfinsa sannan ya tura babban asibiti. Fiye da kashi 70 cikin 100 na maganin antibayotik da mutanen Ingila ke sha, daga alƙalamin waɗannan likitoci yake fitowa.

Antibayotik shi ne jinsin magungunan da ke kashe ƙwayar cutar bakteriya, kamar fenisilin da amoksisilin da tetirasaikilin, waɗanda galibi muka fi sani da kafso. Akwai kuma wata ƙwayar cutar daban, bairos, wadda ita ke kawo mura da mafi yawan tari da ciwon maƙogwaro. Antibayotik ba ya yi wa bairos komai. Likitocin Ingila sun san wannan, a makaranta aka koya musu. Duk da haka sun shafe fiye da shekara 60 suna rubuta shi ga masu mura da tari. Me ya sa mai ilimi zai yi ta aikata abin da iliminsa ya hana shi? Ruwa dai ba ya tsami banza.

KWALBAR MAGANI

Al'adar ta girmi antibayotik ɗin kansa. A farkon ƙarni na 20, likitan unguwa ba shi da maganin da zai tsayar da ciwon huhu ko ƙurjin da dafinsa ya shiga jini. Abin da yake da shi kwalba ce. Ya haɗa ruwan magani mai launi, mai ɗan ɗaci, ya liƙa takarda ya miƙa. Sau da yawa jiki ne ke warkar da kansa, kwalba ta kwashe yabon. Mutane suka saba, har ya zama wanda ya je wajen likita ya dawo hannu rabbana gani yake ba a duba shi ba. Shi ma likita ya saba, miƙa kwalba ita ce alamar an gama, na bayanka ya shigo.

A 1935 Jamusawa suka fito da Prontosil, magani mai kashe bakteriya da gaske. A 1938 kamfanin May & Baker na Ingila ya fitar da M&B 693, kuma magani irinsa aka ba Firayim Minista Winston Churchill lokacin da ciwon huhu ya kwantar da shi a Tunisiya a watan Disamba 1943. Sai kuma uwa uba fenisilin. Alexander Fleming ya gano shi a 1928 a asibitin St Mary's da ke Landan, a jikin wata fumfuna da ta tsiro a faifan gwajinsa, amma sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oksfod suka tace shi sannan ya zama magani. A watan Fabrairu 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander, wanda cuta ta ci masa fuska har ya rasa ido ɗaya. Nan da nan ya fara farfaɗowa. Maganin ya yi ƙarancin da sai da suka riƙa tace shi daga fitsarin mutumin suna sake yi masa allura. Da ya ƙare cutar ta dawo, ya rasu a watan Maris. Wannan maganin da ake tatsa daga fitsari saboda ƙarancinsa, shi ne bayan shekara 20 ake rubuta wa mai atishawa.

Gargaɗi kuwa ya zo da wuri. A jawabinsa na karɓar lambar Nobel a watan Disamba 1945, Fleming ya nuna cewa idan mutane suka riƙa shan fenisilin kaɗan-kaɗan ba bisa ƙa'ida ba, za su koya wa ƙwayoyin cuta bijire masa. Yadda abin ke faruwa shi ne, jikin kowannenmu cike yake da bakteriya a hanji da maƙogwaro da fata. Duk lokacin da aka sha antibayotik, masu rauni sai su mutu, 'yan ƙalilan masu taurin kai su tsira. Da fili ya zama nasu sai su hayayyafa, su yaɗu zuwa jikin wasu, har su kan ba wata bakteriyar dabarar da suka tsira da ita. Wata likita mai suna Mary Barber ta ga haka a asibitin Hammersmith na Landan. Bakteriyar da ke kawo maruru da ruɓewar rauni, kimanin kashi 14 cikin 100 ne ba ta jin fenisilin a 1946. Zuwa 1948 abin ya kai kashi 59.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. A 1947 aka kafa dokar da ta hana sayar da fenisilin sai da takardar likita. Wato an kulle maganin, an damƙa wa likita mabuɗi. Daga wannan rana ragowar tarihin ya koma kan abin da ke faruwa tsakanin mutum biyu a cikin ɗakin duba marasa lafiya.

MINTI SHIDA

Ranar 5 ga Yuli 1948 aka buɗe hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, NHS, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan. Kafin nan inshorar gwamnati ta 1911 ma'aikata kawai take rufa wa asiri, matansu na gida da 'ya'yansu sai an biya. Yanzu ganin likita kyauta, magani kyauta. Mata da yara da suka daɗe suna cije ciwo suka yi dafifi. An yarda likita ɗaya ya riƙe har mutum 4,000 a rajistarsa, kuma bisa yawan kawunan da ke cikinta ake biyansa. Iyalin da suka yi fushi suka koma wajen wani likitan, sun tafi da wani yanki na albashinsa.

A 1950 wani likita ɗan Ostireliya, Joseph Collings, ya zagaya asibitocin unguwa 55 ya buga abin da ya gani a mujallar Lancet. Rahoton ya girgiza ƙasar. Ya tarar da ɗakuna ƙuntatattu, layi har waje, ba kayan gwaji, wasu wuraren ma ba a cika taɓa jikin mara lafiya ba, sai dai a ji kokensa a rubuta masa magani. Shi kansa Bevan ya koka a 1949 kan yawan maganin da 'yan ƙasar ke ɗurawa cikinsu. A 1952 aka sa kuɗin sule ɗaya a kan takardar magani, amma rubutun bai tsaya ba.

Abin da ya ɗan taka wa fenisilin burki da farko shi ne allura ce, kuma sai an maimaita ta. A shekarun 1950 aka sami wanda ake haɗiya. Tetirasaikilin ya shigo daga Amurka. Kamfanin Beecham na Ingila ya fitar da amfisilin a 1961, amoksisilin a 1972. Wakilan kamfanoni suka riƙa bin likitoci har ofis suna tallata sabon magani mai kashe cuta iri-iri a lokaci guda. Wurin da kwalba ta bari, kafso ya gaje shi.

Lokaci kuma bai ƙaru ba. A 1973 aka buga wani littafi kan aikin likitan unguwa wanda sunansa kaɗai ya isa bayani, domin ma'anarsa ita ce minti shida ga majinyaci. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Rubuta takarda minti ɗaya ne, majinyaci ya fita yana godiya. Yi wa uwa bayanin dalilin da ya sa ba za a ba ɗanta magani ba yana iya cinye minti goma, kuma a rabu baram-baram, ga mutum 30 suna jira a waje.

TSORO MAI DALILI

Kada mu ɗauka lalaci ne kawai. Likitocin wancan zamani sun yi karatu kafin zuwan fenisilin. Sun ga ciwon kunne ya ci ƙashin bayan kunne ya shiga ƙwaƙwalwa. Sun ga ciwon maƙogwaro ya rikiɗe ya zama zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓin yaro ya lalata masa ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwarsa. A 1950 wani bincike da aka yi a kan sojoji a sansanin Warren da ke jihar Wayomin ta Amurka ya nuna cewa allurar fenisilin ga mai ciwon maƙogwaro na bakteriya tana hana wannan zazzaɓi. Daga nan likitoci suka sami hujja mai ƙarfi.

Matsalar ita ce da ido ba a iya rabe maƙogwaron da bakteriya ta kama da wanda bairos ya kama. Sai likita ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki. Idan ya ba mutum 100 maganin da ba sa buƙata, babu wanda zai dawo ya tuhume shi, domin illar bijirewa a hankali take taruwa, kuma a jikin wasu can daban take bayyana. Idan kuwa ya hana yaro ɗaya abin ya yi tsanani, duk unguwa sai ta ji. Kowa aka ba wannan zaɓi ya san inda zai karkata.

A hankali wancan zazzaɓi mai lalata zuciya ya kusa ɓacewa daga Ingila. Ya ma fara raguwa tun kafin fenisilin, saboda gidaje sun gyaru, cunkoso ya ragu, abinci ya wadata. Cutar ta ja baya, tsoronta bai ja ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Tsofaffin likitoci suka gadar wa ƙananansu wannan tsoro.

WAƊANDA SUKA FARA ƘIRGA

Daga cikin likitocin unguwar ne aka sami masu ja da al'adar. John Fry, likita a garin Beckenham da ke kusa da Landan, ya riƙa rubuta labarin duk majinyacin da ya gani shekara da shekaru. A 1958 ya buga a mujallar likitoci ta BMJ cewa da yawa daga cikin masu ciwon kunne da maƙogwaro da ya duba sun warke ba tare da antibayotik ba. A 1976 wasu likitoci biyu a Kadif, Stott da West, suka raba manya masu tari da kaki mai launi gida biyu. Rabi suka sha antibayotik, rabi suka sha kafson da babu komai a ciki, ba wanda ya san wanne aka ba shi. Ba a sami wani bambancin a zo a gani ba wajen saurin warkewa. Ashe koren kaki ba shi ne shaidar sai an sha kafso ba.

A wannan shekarar ta 1976 ne John Howie na jami'ar Aberdeen ya yi wani gwaji mai ban sha'awa. Ya aika wa ɗaruruwan likitoci hotunan maƙogwaro, kowane hoto da ɗan taƙaitaccen labarin mai shi, ya tambaye su ko za su rubuta antibayotik. Abin da likitocin ba su sani ba shi ne hoton ɗaya ne, labarin ne aka sauya. Wasu an gaya musu ɗalibi ne kawai, wasu an gaya musu ɗalibi ne mai jarrabawa mako mai zuwa. Sai ga shi mai jarrabawar ya fi samun magani nesa ba kusa ba. Maƙogwaro bai canja ba, halin da mai shi ke ciki ne ya juya alƙalamin. Likita ya ga mutum cikin damuwa, yana son ya yi masa wani abu, abin da ke kusa da hannunsa kuwa takarda ce.

A maƙwabciyarsu Holan, wani likita mai suna van Buchem da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwaji a 1981 kan yara masu ciwon kunne, inda suka ga waɗanda aka ba antibayotik da waɗanda ba a ba su ba kusan tare suke warkewa. Likitocin Holan suka ɗauki wannan da gaske, suka mayar da shi ƙa'ida: a ba yaro maganin rage zafi, a sa masa ido na 'yan kwanaki, in bai samu sauƙi ba sannan a rubuta. Da aka auna ƙasashen Turai a 2002, an tarar Bafaranshe yana shan antibayotik ninki uku na mutumin Holan, kuma ƙasashen da suka fi sha su ne suka fi fama da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Faransawa ba su fi mutanen Holan kamuwa da mura ninki uku ba. Bambancin na sabo ne. Ingila tana tsaka-tsaki, ga hujja a rubuce a mujallunta, amma alƙalami bai sauya ba.

WA YA KOYA WA WA?

In ka tambayi likita sai ya ce majinyata ne ke matsa masa. A 1997 aka bi diddigin wannan magana. A Notingam, John Macfarlane ya bincika masu tari da ciwon ƙirji da suka je wajen likitocin unguwa. Kusan kashi uku cikin huɗu an rubuta musu antibayotik, amma likitocin da kansu suka amsa cewa ɗaya cikin biyar ne kawai suka tabbata yana buƙata. A Ostireliya ma a wannan shekarar wani bincike ya nuna cewa idan likita ya yi zaton majinyaci na son magani, yiwuwar ya rubuta tana ninkawa har sau goma. Zaton likitan ya fi abin da majinyacin yake so tasiri. A 1998 Chris Butler ya zauna da likitoci da majinyata a kudancin Wales yana hira da su. Likitocin suka ce sun san amfanin maganin ga ciwon maƙogwaro kaɗan ne, amma ba sa son ɓata dangantaka. Majinyatan kuwa da yawansu suka ce abin da ya kai su shi ne a duba su, a kwantar musu da hankali, a rage musu zafi. Kowa yana zaton yana faranta wa ɗan uwansa ne.

Gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne na Paul Little na jami'ar Southampton, shi ma a 1997. Ya ɗauki mutum 716 masu ciwon maƙogwaro ya raba su uku. Rukunin farko aka ba su antibayotik na kwana 10 nan take. Na biyu ba a ba su ba. Na uku aka ce musu ga takarda nan an ajiye, in bayan kwana uku ba ku ji sauƙi ba ku zo ku karɓa. Duka rukunan uku cikin kwana huɗu zuwa biyar suka warke. Daga cikin na ukun, kashi 69 cikin 100 ba su ma sha maganin ba. Amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗanda aka ba magani nan take, kashi 87 cikin 100 suka fita da imanin cewa antibayotik yana aiki a kan irin wannan ciwo, alhali a cikin waɗanda ba a ba su ba kashi 55 ne. Da aka bi su daga baya, kashi 38 na waɗanda aka ba maganin sun sake dawowa da ciwon maƙogwaro, sauran kuwa kashi 27.

Ma'anar wannan ita ce, takardar da likita ya rubuta don ya sallami mutum yau, ita ce ke dawo masa da shi baɗi. Ciwon da zai warke da kansa ya warke, kafso ya karɓi yabon kamar yadda kwalba ta saba karɓa, majinyaci ya koyi darasi. Layin da ya hana likita lokacin bayani, da hannunsa yake ƙara masa tsawo. Amfanin maganin kuwa, da aka tattara gwaje-gwajen duniya, an ga yana rage tsawon ciwon maƙogwaro da kimanin awa 16 ne kawai, ga kuma zawo da ƙuraje da yake jawo wa wasu.

FAƊAKARWA TA YI AIKI, SANNAN TA SAKI

A 1998 wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya fitar da rahoto mai zafi kan bijirewar ƙwayoyin cuta. A lokacin wata bakteriya mai taurin kai da ake kira MRSA, wadda aka fara ganowa a Ingila tun 1961, ta addabi manyan asibitoci. Kwamitin likitoci masu ba gwamnati shawara ya bi da abubuwa huɗu ga likitan unguwa: kada a rubuta antibayotik ga mura da tari na yau da kullum, kada a rubuta ga ciwon maƙogwaro na bairos, ciwon mafitsara mai sauƙi a mace mai lafiya kwana uku ya isa, kuma kada a riƙa rubutawa ta waya sai da larura.

Lissafin da aka yi daga rajistar asibitocin ya nuna abin da ya biyo baya. A 1995, kashi 47 cikin 100 na masu zuwa da mura da tari ana ba su antibayotik. Zuwa 1999 abin ya sauka zuwa 36. Zuwa 2011 ya haura zuwa 51, ya zarce inda aka faro. An yi ta liƙa fastoci, amma ɗakin likita yana nan yadda yake, lokaci kaɗan, layi dogo, tsoro na nan. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ashe har mai ilimi yana ɗaurewa.

A 2008 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ba likitoci wani abin da za su miƙa a madadin kafso, wato adadin kwanaki. Ciwon kunne yakan ɗauki kwana huɗu, ciwon maƙogwaro mako ɗaya, mura kwana goma, tari har mako uku. Uwar da ta san tarin ɗanta zai iya kai mako uku ba za ta firgita a rana ta biyar ba. An kuma amince da dabarar Little ta jinkirta takarda.

WASIƘA ƊAYA

A watan Satumba 2014 babbar jami'ar lafiya ta Ingila, Sally Davies, ta sa hannu a wata wasiƙa da aka aika wa likitoci 3,227 a asibitocin unguwa 791, waɗanda aka zaɓo daga cikin mafiya rubuta antibayotik a yankunansu. Wasiƙar ba ta koya musu ilimin ƙwayoyin cuta ba. Ta dai shaida musu cewa kashi 80 cikin 100 na asibitocin yankinsu ba su kai su rubutawa ba, ta kuma ba su shawarwari uku. Cikin wata shida rubutunsu ya ragu da kashi 3.3 cikin 100 idan aka kwatanta da takwarorinsu da ba a aika wa ba, wato takardu 73,406. A cikin gwajin an kuma aika da fastoci da takardun faɗakar da majinyata, su kam ba su rage komai ba. Abin da ya motsa likitan shi ne jin cewa ya fita daban a cikin tsaransa.

A 2015 aka haɗa da kuɗi, aka ce hukumomin lafiya na yanki za su sami ƙarin kaso idan suka rage. Cikin shekara ɗaya takardun antibayotik suka ragu da fiye da miliyan biyu da rabi.

Ragewar ba kyauta take zuwa ba. Wani bincike na 2016 ya nuna asibitocin da suka fi tsuke hannu suna samun ƙarancin maki a wajen majinyata idan aka tambaye su gamsuwarsu. Wani kuma a wannan shekarar ya ƙiyasta cewa asibiti mai mutum 7,000, idan ya rage rubuta antibayotik ga masu mura da tari da kashi 10 cikin 100, zai iya ganin ƙarin mutum ɗaya mai ciwon huhu a shekara, da ƙarin ƙurjin maƙogwaro ɗaya a shekara goma. A hunturun 2022 kuma bakteriyar maƙogwaro ta ɓarke a tsakanin yara, da dama suka rasu, hukumomi suka ce likitoci su sassauta, har ruwan fenisilin na yara ya yi wuyar samu a kemis. Tsohon tsoron nan dai yana da ranarsa. Aikin likita shi ne ya gane ranar.

MU FA?

A 2022 mujallar Lancet ta buga ƙiyasin cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani. Yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27 a cikin kowane 100,000. Ke nan wutar da muke kallo a gemun wani, tamu ta fi ta ci.

Abubuwan da suka haifi al'adar a Ingila duk muna da su: layi dogo, ma'aikaci ɗaya, ƙarancin kayan gwaji, da majinyacin da ya biya kuɗin mota da na kati yana ganin raini ne a sallame shi da farasitamol. Mun ma fi su da abu ɗaya. Su dokar 1947 ta kulle maganin, mu kuwa duk da doka ta ce sai da takardar likita, ana sayen kafso biyu ko uku a kemis ko a tiren mai talla, daidai abin da Fleming ya yi gargaɗi a kai. Zazzaɓin da gwaji ya nuna ba maleriya ba ne, sau da yawa sai a ce taifot ne a haɗa da antibayotik.

Sai dai ba za mu kwafi Ingila ido rufe ba. Zazzaɓin nan mai lalata zuciya har yanzu yana kama yaranmu, ciwon huhu da sanƙarau suna kisa, kuma akwai ƙauyukan da rashin antibayotik ne ke kashe yara. Wani gwaji da aka yi a jihar Doso ta Nijar, aka buga a 2018, ya nuna raba wa ƙananan yara wani antibayotik sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu da kimanin kashi 18 cikin 100. Maganin da ke da wannan daraja bai kamata a ƙarar da ƙarfinsa a kan atishawa ba. Najeriya ta fitar da tsarinta na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, amma tarihin Ingila ya nuna takardar gwamnati ba ta isa ba sai abin ya shiga ɗakin duba marasa lafiya.

A wannan ɗakin kuwa mu ne mutum na biyu. Tunda zaton likita game da abin da muke so yana juya alƙalaminsa, to mu sauƙaƙa masa. Idan muka kai kanmu ko yaro, mu faɗa masa tun farko cewa dubawa muka zo a yi, in babu buƙatar kafso ba za mu ji haushi ba. Mu tambaye shi kwana nawa ciwon zai ɗauka, da alamun da in mun gani za mu garzayo ba tare da jira ba, irin su numfashi sama-sama, sanƙarewar wuya, ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa. In kuma ya rubuta, mu sha yadda ya ce, kada mu ajiye ragowa don gaba, kada mu ba maƙwabci.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.